Ciwon Suga: Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne

 

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata larura da ta ratsa gidaje da dama, wato ciwon suga, wanda wasu ke kira ciwon sukari. Da wuya a yau ki zauna a gidan biki ko gidan suna ba ki ji wata ta ce a zuba mata kunu kafin a sa suga ba. Wannan ciwo ya bambanta da zazzaɓi ko mura, waɗanda za a sha magani kwana uku a warke, domin shi abokin zama ne na tsawon rai. Likita zai ga mai ciwon ne sau ɗaya a wata biyu ko uku, na 'yan mintoci, sauran kwanakin kuwa ita ce da tukunyarta da kwalbar maganinta. Duk abin da zai gyara lafiyarta ko ya ɓata ta a tsakar gida yake faruwa. Saboda haka ne na ga ya dace mu dubi abu biyu tare: yadda za a riƙa kula da suga kullum, da yadda mu mata za mu riƙe junanmu a kai.

Mene ne ciwon suga?

Duk abincin da muka ci mai sitaci ko zaƙi, kamar tuwo, shinkafa, burodi, doya, rake da zuma, idan ya narke a ciki yakan koma suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa sugan nan ƙofa ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini, a hankali ya riƙa lalata jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafa.

Ciwon ya kasu kashi uku. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa, jiki ne ke daina yin insulin baki ɗaya, don haka dole sai da allura kullum. Nau'i na biyu shi ne ya fi yawa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon shi ke gare su, kuma yana da alaƙa da gado da ƙiba da rashin motsa jiki da shekaru. Na uku shi ne wanda ke zuwa da juna biyu.

Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta jin ruwa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da miki mai daɗewa bai warke ba. Ga mu mata akwai ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa, wanda sau da yawa mukan ce sanyi ne mu yi ta shan jiƙe-jiƙe, alhali suga ne ke ciyar da shi. Sai dai kuma mutum na iya shekaru da ciwon ba tare da ya ji komai ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi a duniya. A ƙiyasinta na 2021 kuma ta ce a yankin Afirka mutum miliyan 24 ne, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ke nan gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Lambobin da ya kamata ki haddace

Na'urorin gwajin suga iri biyu ne a kasuwa. Wasu suna ƙirga da ma'aunin mg/dL, su ne masu ba da manyan lambobi kamar 120. Wasu kuma da ma'aunin mmol/L, masu ba da ƙananan lambobi kamar 6.5. Idan kika ninka ƙaramar lamba sau 18 za ki sami babbar. Wannan yana da muhimmanci, domin wata za ta ce sugana 8, wata ta ce nawa 140, ta farko ta ɗauka ta fi lafiya, alhali kusan abu guda suke faɗa.

Ana tabbatar da ciwon ne a asibiti idan gwajin safe kafin a ci komai ya kai 126, wato 7.0, ko ya wuce, kuma galibi sai an maimaita. Ga wadda ta riga ta kamu, abin da ake so ga yawancin manya shi ne sugan safe kafin karyawa ya tsaya tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ya kai 180. Idan ya sauka ƙasa da 70 ya faɗi ke nan, kuma akwai haɗari. Akwai kuma gwajin da likitoci ke rubutawa HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ana son ya kasance ƙasa da kashi 7 ga mafi yawan mutane. Shi wannan gwaji ba a yi masa wayo da ƙin cin abinci ana gobe ranar asibiti. Likitanki na iya sa miki wata iyaka daban saboda shekaru ko juna biyu, maganarsa ce gaba da tawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Sanin waɗannan lambobi abu ne mai sauƙi, dawwama a kansu shekara da shekaru shi ne aiki. Mace za ta fara da zafinta, bayan wata shida ta gaji, kuɗin magani ya yi nauyi, 'yan gida su fara cewa ta cika tsirfa, sai ta saki. Wata kuma ɓoyewa take yi don kada kishiya ko dangin miji su ji, ko don kada a ce 'ya'yanta mata sun yi gadon ciwo a guje su. Wata ma gani take jifa aka yi mata, ta bar asibiti ta koma neman karya sammu. Bincike ya nuna masu ciwon suga sun fi sauran mutane saurin faɗawa cikin ciwon damuwa, ita kuma damuwa tana hana kula da kai.

A nan ne 'yar'uwa mai irin ciwon take da amfanin da likita ba shi da shi. Ita ta san yadda ake ji idan aka ajiye farantin alkaki da nakiya a gabanki a gidan biki, ta san fargabar allurar farko, don haka maganarta ta fi shiga. Masana ba su raina wannan ba. A watan Nuwamba na 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a birnin Janeba musamman don duba yadda masu ciwon suga za su tallafi junansu. A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru kuma an yi wani bincike da aka wallafa a 2015, inda aka ɗauki mutum 96 masu nau'i na biyu waɗanda sugansu ya ƙi daidaita, aka haɗa su da 'yan'uwansu masu ciwon da aka horar, suna taro suna ziyartar juna suna kiran waya har wata shida. Aka kwatanta su da wasu 96 da ke zuwa asibiti kawai. Gwajin HbA1c na masu taron ya sauka da maki 3.0, na ɗaya rukunin kuwa da maki 1.3. An yi makamancin wannan a ƙasar Mali, aka wallafa a 2018, can ma waɗanda 'yan'uwansu suka koyar da su sun fi samun sauƙi.

Mu kuwa wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Da adashi muke yi wa 'ya'yanmu kayan ɗaki, da gudummawa muke fita kunyar biki, idan ɗayarmu ta haihu ba ta rasa mai ɗora mata ruwa. Abin da ya rage shi ne mu juya wannan hali zuwa ga lafiyarmu.

Yadda za a kafa zaman

Ba a buƙatar ofis ko rajista. Mata 6 zuwa 10 na unguwa ɗaya ko aji ɗaya na makarantar matan aure sun isa, tare da izinin mazajensu. A sa rana sau biyu a wata, awa guda, a riƙa zagayawa gida-gida. A zaɓi shugaba daga cikin waɗanda suka daɗe da ciwon kuma suke bin ƙa'ida, mai haƙuri da riƙe sirri. Idan akwai nas ko ma'aikaciyar lafiya a unguwa a roƙe ta ta riƙa leƙowa lokaci-lokaci don gyara kuskure.

Kowace ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ta ja layi huɗu: kwanan wata, lokaci, lambar suga, da abin da ta ci ko ta ji a ranar. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ɗanta ya rubuta mata. Ranar zama a buɗe littattafai a duba tare, ranar asibiti kuma a tafi wa likita da shi. Sai a haɗa mata biyu-biyu, kowace da ƙawarta da za ta kira ta a waya ta tuna mata magani da ranar ganin likita, ta kuma raka ta idan hali ya yi.

A kafa ɗan asusu ko adashin magani, domin mafi yawan masu yanke shan magani rashin kuɗi ne ke sa su. Idan an sayi tsinken gwaji a haɗe cikin kwali ya fi araha. Abin da ya fi shi ne kowace ta mallaki na'urarta. In dole ta sa aka yi tarayya a guda, a riƙa goge ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane gwaji. Amma allurar huda yatsa da alƙalamin da ake sa ta a ciki, waɗannan ba a aro ba a tarayya ko tsakanin uwa da 'ya, saboda ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki ta jini suke bi.

Dokoki huɗu zan ba ku, kada ku sassauta a kansu. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a nan. Ba a ba wata maganin wata, ko da ƙwayar iri ɗaya ce a ido. Ba a ƙara wa kowa ko rage mata yawan magani, wannan hurumin likita ne. Sannan ba a mai da zaman kasuwar tallar magunguna. Wadda lambarta ta hau kuma kada a yi mata ca, a tambaye ta a hankali me ya faru, domin sau da yawa za ki tarar rigimar gida ce ko rashin barci ko zazzaɓi.

Tukunya ɗaya ta isa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ware wa mai ciwo tukunyarta, kullum wake da acha, har abinci ya fita daga ranta. Gaskiyar magana abincin mai suga shi ne abincin da ya dace da kowa a gidan. Ki ɗauki faranti madaidaici ki raba shi a ido. Rabi ki cika da ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, kabeji, yakuwa, kuɓewa, gauta, kokwamba. Kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki, kamar wake, kifi, ƙwai, kaza, nama ko awara. Ragowar kashin shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, kimanin girman dunƙulen hannunki. A taƙaice miya ta fi tuwo yawa.

Tuwon alkama da na acha da na dawa duk sitaci ne, in kika cika kwano da su suga zai hau kamar yadda zai hau da shinkafa. Fifikon hatsin da ba a surfe shi tas ba shi ne dusarsa tana rage saurin shigar suga cikin jini. Haka kuma abin da aka dama ya yi ruwa, kamar koko da kunu, ya fi saurin ɗaga suga a kan abin da za a tauna, don haka a rage yawansa a haɗa shi da ƙosai ko dafaffen ƙwai. Fura da nono, a rage fura a bar suga.

Babban abokin gaba shi ne zaƙin da ake sha. Kwalbar lemo ƙarama takan ɗauki abin da ya kai cokalin shayi 8 ko 9 na suga. Zoɓo da kunun aya da lemon citta na sayarwa su ma ba baya ba. Ki haɗa naki a gida da kanumfari da citta ba suga. 'Ya'yan itace kuwa a ci su yadda suke, lemon zaƙi guda ko gwaba ko yankan gwanda, kada a matse su a sha ruwan. Zuma da dabino da mazarƙwaila, duk da amfaninsu, jini suga yake ɗaukarsu, saboda haka ba su zama madadin suga ga mai wannan larura ba. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yawan soye-soye, domin hawan jini da ciwon suga 'yan gida ɗaya ne.

Idan za ki gidan biki ki ɗan ci abincinki kafin ki fita, ki zauna kusa da ƙawar zamanku. Abin da aka ba ki na gara ki karɓa da godiya ki kawo wa yara.

Motsa jiki

Abin da masana suka ba da shawara shi ne minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana biyar, na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wadda ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida da sauri, shara da daka da wanki su ma suna cikin lissafi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan suga sosai, ta fi a ci tuwon dare a miƙe a kan katifa. Maƙwabta biyu ko uku su sa lokaci bayan la'asar su yi tare, don wadda ke jiran ki a ƙofa ba za ta bar ki ki yi ƙiwa ba.

Idan suga ya faɗi

Wannan darasi ne da ya wajaba kowa a gidan ya sani, har yara. Mai yin allurar insulin ko mai shan wasu ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ta sha magani ba ta ci abinci ba ko ta yi aiki mai yawa, suganta na iya faɗuwa. Za ta ji rawar jiki, gumi mai sanyi, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani da jiri, wani lokaci ta rikice ta riƙa magana ba kan gado har a ɗauka iska ce ta taɓa ta. Nan take a ba ta cokalin shayi 3 zuwa 4 na suga a cikin ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa, in har yanzu yana ƙasa da 70 a maimaita, in ya dawo ta ci abinci. Idan kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki don kada ta shaƙe, a kwantar da ita a gefe guda a garzaya asibiti. Ki riƙa yawo da 'yan ƙwayoyin suga a jakarki, tare da takarda mai ɗauke da sunan ciwonki da maganinki.

Haka nan idan zazzaɓi ko amai da gudawa suka kama ki, suga yakan hau ko da ba kya cin abinci. Kada ki daina insulin da kanki, ki yawaita shan ruwa da gwaji. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko lamba ta wuce 300, ko barci mai nauyi da numfashi sama-sama suka zo, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Magani da ajiyarsa

Mata da yawa na tsoron insulin, suna ganin duk wadda aka ɗora a kai ta zo gargara. Kafin Firedirik Bantin da Calis Bes su gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya farfaɗo. Saboda tunawa da ranar haihuwar Bantin ne ake bikin Ranar Ciwon Suga ta Duniya kowace 14 ga Nuwamba. Insulin rahama ce, ba abin gudu ba.

Wanda ba a buɗe ba a ajiye shi a firji, amma kada ya daskare, domin ƙanƙara na kashe shi. Wanda aka fara amfani da shi yawanci yana kai kwana 28 a wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa. Inda babu tsayayyiyar wuta, dabarar tukunya cikin tukunya tana taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ita ce dabarar da marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin kwaleji a Jihar Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kwalbar kuma a sa ta cikin roba mai murfi, kada a tsoma ta a ruwa.

Masu yawo da lasifika suna cewa suna warkar da ciwon suga cikin mako biyu, ki riƙe kuɗinki. Har yau ba a sami saiwa ko ganyen da aka tabbatar yana raba mutum da shi ba, kuma ɗacin shuwaka ko maɗaci ba ya wanke zaƙin jini. Wasu haɗe-haɗen ma ƙoda suke taɓawa. Abin da aka tabbatar shi ne wasu masu nau'i na biyu da suka rage ƙiba sosai sugansu kan daidaita na tsawon lokaci, shi ma a ƙarƙashin kulawar likita. Duk abin da kike sha na gargajiya ki sanar da likitanki.

Ƙafa da ido

Suga yana kashe jin ƙafa a hankali, har ƙaya ko ƙusa ta soki mutum bai sani ba, daga nan miki ya ruɓe a kai ga yanke ƙafa. Ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu kowace rana, in ba kya iya sunkuyawa 'yarki ta duba miki. Bayan alwala ko wanka ki tsane tsakanin yatsu. Kada ki taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, kuma ki zazzage takalmi kafin ki sa. A lokacin hunturu kada ki kai ƙafa kusa da kaskon wuta, ruwan zafi kuma ki taɓa shi da gwiwar hannu tukuna. Faso da kaushi a shafa musu mai, kada a sa reza, kada kuma a ba masu yankan farce na yawo. Duk mikin da ya fito, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti. A ranar zama ku cire safa ku duba ƙafafun juna. Ido da ƙoda kuma a gwada su sau ɗaya a shekara ko da ba kya jin komai, hawan jini kuwa duk zuwa asibiti.

Mai juna biyu

Ana gwajin sugan ciki ne tsakanin mako na 24 da na 28. Wadda ta taɓa haihuwar jaririn da ya kai kilo 4 ko fiye, ko take da masu ciwon a danginta, ko take da ƙiba, ta gaya wa ma'aikatan awo tun zuwan farko. Yawanci yakan tafi bayan haihuwa, amma yana barin haɗarin kamuwa da nau'i na biyu nan gaba, don haka a sake gwaji wajajen arba'in, a ci gaba da yi lokaci-lokaci. Wadda take da ciwon tun asali ta daidaita suganta ta ga likita kafin ta ɗauki ciki. Iyayenmu masu kula da jego kuma a yi hattara da cika mata kunu mai zaƙi.

Batun azumi

Wannan tambaya ba ta ƙarewa. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185: mai fatan samun sauƙi ta rama, wadda ciwonta ba ya barin ta ta yi ko yaushe ta ciyar. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Sharja a 2009, ta zauna da likitoci ta kasa masu ciwon suga gida huɗu gwargwadon haɗari, ta ce waɗanda azumi zai cutar da su sosai su sha. Saboda haka ki ga likita mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan ya duba rukuninki ya gyara miki lokutan magani. Wadda aka yarje mata ta jinkirta sahur, ta buɗe baki da ruwa da dabino 1 ko 2, ta guji cika ciki da kunu da soye-soye. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, ko alamun faɗuwar suga suka zo, ta karya nan take ko da saura minti kaɗan a kira salla. 'Yan zama su riƙa kiran juna da azahar da la'asar, kuma kada wadda ta sha ta ji kunyar kowa.

Kira ga maigida da 'yan gida

Uwargida, ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta. Kuɗin magani da na gwaji suna cikin cefane, kuma barin matarka ta je zaman 'yan'uwanta awa guda ya fi maka sauƙi a kan jinyar ƙoda ko ta ƙafa. Abokiyar zama da suruka da 'ya'ya, ku ne za ku fara ganin ta idan suganta ya faɗi, ku koyi abin yi. In maigidan ne mai ciwon, to tukunya a hannunki take, ki gyara ta don kowa. In kuma yaro ne, a sanar da malamansa na boko da na Islamiyya, a bar shi ya ci abu ko ya fita fitsari idan ya buƙata.

Manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sashen masu ciwon suga, akwai kuma Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Nijeriya. Ki tambayi ma'aikatan asibitin da kike zuwa ko akwai reshe ko taron masu ciwon kusa da ke. In babu, ke ki fara. Kafin fitowa ta gaba ki nemi mace guda da kika san tana fama, ki kai mata ziyara da littafin rubutu biyu, ɗaya naki ɗaya nata. Wadda kuma ta haura shekara 35 ba ta taɓa gwaji ba, ta daure ta je a wannan wata.

Waɗanda suka kafa zama a unguwarsu su rubuto mana yadda ta kaya, don wasu su koya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.